An toshe min jijiyar ƙafa da sauti, ba a yanka ni ba

Shekara 24 ina tsaye gaban allo a lakwal nan Maradi, ga haihuwa shida. Jijiyoyin ƙafata ta hagu suka kumbura suka murɗe kamar igiyar guga. Da la'asar ƙafar sai ta yi nauyi, zaman tahiya ma da ƙyar. Da aka yi min ekogirafi, wato hoton cikin jiki da ake dubawa a allo, likita ya ce ƴan ƙofofin da ke cikin babbar jijiyar sun saki, jinin da ya kamata ya hau zuciya yana komowa ƙasa ya taru. Ya ambaci tiyata, na ce a bar ni tukuna.

Ɗana da ke aiki a Faransa ne ya kai ni wani asibiti a can mai na'urar da ake kira Sonovein, wadda aka amince da ita a Turai a 2019. Kun san yadda yara ke tara hasken rana da gilashi su ƙona takarda? Haka take tara sautin da kunne ba ya ji a wuri guda kamar ƙwayar shinkafa, zafin ya wuce digiri 80, jijiyar ta tsuke ta toshe. Jinin sai ya bi lafiyayyun jijiyoyin da ke can ciki.

Na kwanta, aka shafa man nan mai sanyi, aka ɗora kan na'urar bisa cinyata, likitar tana kallon jijiyar a allo. Kar wanda ya ce muku ba zafi. Kowane bugu sai na ji kamar an ɗosana min garwashi daga ciki, ya lafa, a ɗan jira, a matsa gaba. Da na ƙanƙame hannun ɗana, ya ce, "Inna, a ƙara allurar kashe zafi?" Na ce a ƙara. Wajen awa ɗaya aka yi, na sa takalmina na fito da ƙafata, ba ɗinki ba bandeji.

Yanzu wata biyar ke nan. Nauyin ya tafi, ina sallata a tsaye. Wasu ƙananan jijiyoyi na bayan gwiwa suna nan, kuma an faɗa min tun farko wata jijiyar sai an sake zama na biyu.

Abin da ke cina a rai kuɗin ne, don da albashina ko tikitin jirgi daga Yamai ban iya biya. Maƙwabciyata mai tuyar ƙosai, ita ma mai irin wannan ciwon, har gyambo ya fito mata a idon sawu. Jiya na raka ta aka yi mata ekogirafi, aka rubuta mata safar matsi.