Lesin ɗin turanci na manya a Zoo Road: malamin ya iya, amma mai ciwon suga ya zo da shirinsa

Masu tambayata a kasuwa wai ya lesin ɗin turancin nan da nake zuwa da yamma, to ga amsa gaba ɗaya dan na gaji da maimaitawa. Sunan wajen bazan faɗa ba saboda akwai abinda zan soka, amma yana nan Kano ta bayan Zoo Road, bene ne hawa na biyu, ajin maza daban na mata daban.

Ni dai abinda ya kaini shine saƙon WhatsApp da mutanenmu na Guangzhou da muke saro yadi a wajensu, ina jin turanci daidai gwargwado amma in nazo rubutawa sai na kira yaron shago ya duba min, kuma kunsan harkar kasuwar Kwari ba kowane lissafi ake nunawa yaro ba.

Malamin girama ɗin wlh ya iya, dan shi daga Hausa yake ɗauko ka. Yace mu lura a Hausa wakilin suna ne yake ɗauke da lokaci, na saya, zan saya, nakan saya, aikatau yana nan zaune, turanci kuwa shi aikatau ɗin ne yake canza riga, go went gone, shi yasa muke ta cewa I go yesterday ba tare da munji wani abu ya karye ba. Inda ya fi burgeni shine bambancin I paid da I have paid, mu duk "na biya" ne, yace in dai ka ambaci lokaci kamar jiya ko satin da ya wuce to have bata da wajen zama, in kuma so kake kace kuɗi ya riga ya shiga a sako kaya, nan ne ake cewa I have paid. Sai yasa kowa ya buɗe wayarsa ya nemo tsohon saƙon da ya taɓa turawa mu gyara tare a allo, wani Alhaji ɗan kasuwar Singa nasa har uku aka gyara ana ta dariya shima yana yi. Harafin s ɗin nan na he goes, she sells kuwa bai barmu ba sai da ya zauna, kullum sai ka tura masa voice a guruf da jimla biyar. Wajen in, on, at ne kawai naga yana gudu, kamar shima ya gaji dasu.

To yanzu inda gizo ke saƙar. Ƙarfe 5 ake shiga a tashi 8, hutun magariba ne kawai a tsakani, kuma duk layin ba mai abinci sai wani kiyos mai lemo da biskit. Ni ina da ciwon suga, ina shan metformin da glibenclamide, masu sha sun san shi na biyun in abinci ya yi latti yana iya faɗar da suga. Ranar da ake darasin I have paid ɗin nan, wato present perfect, naji gumi yana keto min ga hannu yana rawa, rubutun allo ya koma biyu biyu, na fito da na'urar gwajin suga na soka yatsa naga 62. Duk abinda ya yi ƙasa da 70 dai ya faɗi, ƙa'idar da likitana ya bani itace a sha sikari wajen giram 15, kamar ƙwaya uku zuwa huɗu ko rabin kwalbar lemo, banda mai zero dan shi ba abinda zai ɗaga, a jira minti 15 a sake gwadawa, in ya hau sai a bishi da abinci mai riƙe ciki. Malam ya tsayar da darasi yace "Alhaji zauna ka ci abinka", daga ranar ya bada dama duk mai lalura ya ci a aji. Ya kuma gaya wa ƴan aji in mutum ya suma kar a ɗura masa komai a baki, asibiti za'a yi dashi.

Yanzu jakata bata rabuwa da na'ura da sitirif (tsinken da ake ɗiga jini a kai a gwada), ƙwayar sikari a leda, dabino, gyaɗa da gorar ruwa. Masu allurar insulin ku kam sai kun ƙara kula, ajin zafi ne dashi in NEPA ta ɗauke kuma janareto sai duhu ya yi suke tayarwa, firjin ofis ɗin nasu ma ado ne. Akwai wani bawan Allah da yake barin tasa a but ɗin mashin a rana, insulin kuwa in ya wuce digiri 30 lalacewa yake, ga Kano a watan Afrilu tana haura 40, sai da muka sashi ya nemi ƙaramin fulas yana hawowa da ita sama.

Kuɗin wata bai kai abinda nake kashewa a sitirif ba, nan ba ƙorafi. Mun roƙi mai wajen ya buɗe ajin Asabar da safe bayan an karya, 10 zuwa 12, yace sai mutum goma sha biyar sun rubuta suna, ni dai na rubuta nawa, mai so takardar tana kan teburin sakatare.