Na ba kamfanin adana tsoffin hotuna akwatin kakata: ga abin da na gani

Kakata ta rasu tana da shekara 91, Allah ya jiƙanta. Ta bar mana akwatin ƙarfe guda wanda a rayuwarta babu jikan da ya isa ya taɓa murfinsa. Da muka buɗe, muka tarar da hotuna 340 da 'yan kai, albam biyu, kaset shida, takardun shaidar aiki da suka fara karyewa a ninki, da agogonta na aiki, irin wanda nas-nas ke maƙalawa a ƙirji. Shekara 36 ta yi tana jinyar marasa lafiya, ta haifi bakwai, ta ga jikoki har da tattaɓa-kunne. Kowa a cikinmu yana da haƙƙi a akwatin nan, shi kuwa akwati ɗaya ne tal.

Goggo ta ce ita ce babba, a ɗakinta zai zauna. Kawu, wanda ke nesa, ya ce shi ma ai ba daga sama ya faɗo ba. Yayana ne ya kashe wutar da shawarar a kai kayan ga ɗaya daga kamfanonin nan da ke mayar da tsoffin hotuna da kaset zuwa kwamfuta, su kuma buga littafin tunawa, kowa ya samu nasa. Shi ya kawo shawara, ni aka ɗora wa aikin, kamar kullum.

Tsarinsu ba shi da wuya. Za ka cike fom a intanet, su aiko maka da kwali mai ƙwari da ambulan masu lamba, ka jera kayanka ka aika. Su yi sikanin, su zuba komai a shafi mai kalmar sirri, ka zaɓi waɗanda za su shiga littafi ka rubuta bayani a ƙarƙashin kowanne, sannan su dawo maka da kayanka na asali tare da littafin. Kafin in rufe kwalin na ƙirga komai sau biyu, na ɗauki hoton kowane abu da wayata, kuma ina ba kowa shawarar ya yi haka. Duk da wannan, daren da na miƙa shi ban runtsa ba. Agogon ne kaɗai na ƙi sakawa.

Bari in fara da inda suka ciri tuta, don haƙƙinsu ne in faɗa. Wajen ingancin sikanin, wato yawan ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto a kwamfuta, sun ba ni zaɓi tsakanin ɗigo 300 da ɗigo 600 a kowane inci, kuma ba su matsa mini in ɗauki babban ba. Bayaninsu gaskiya ne: 300 ya isa idan girmansa na asali za ka sake bugawa, amma ƙananan hotunan da za a faɗaɗa su cika shafi sai da 600. Yawancin na kakata ba su kai tafin hannu ba, don haka na ɗauki 600. Sun kuma ba mu kowane hoto iri biyu: TIFF mai nauyi, wanda ba ya zubar da komai na hoton, don ajiya, da JPEG marar nauyi don turawa 'yan uwa a WhatsApp.

Kwana huɗu da isar kwalin sai ga kiran wata ma'aikaciyarsu. Ta ce, "Malama, albam ɗinku ɗaya irin mai gam ne da leda a kai, hotunan sun manne. In mun ja za su yage. Ko dai mu yi sikanin shafin yadda yake, ko ki ba mu lokaci mu ɓamɓaro su a hankali da siririn zare." Na ce su bi a hankali. Wannan kiran shi ne mafi amfanin abin da suka yi mana, domin da aka ɗaga hotunan sai ga rubutu a bayansu. Ashe kakata ba ta ajiye hoto sai ta rubuta masa wani abu da fensir, da ƙaramin rubutun nan nata mai tsaye na masu cike katin majinyaci. Shekara da shekaru rubutun yana kife a jikin gam, babu wanda ya sani. Kamfanin suna yin sikanin bayan hoto idan ka nema, kuma ina roƙon duk mai karanta wannan ya nema.

A bayan wani hoto, inda take tsaye da wasu mata uku kusa da mota, ta rubuta cewa ranar sun yi wa mutane lamba tun hantsi har duhu ya hana su gani. Sai a nan na gane lokacin yaƙi da cutar agana ne, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙarfafa daga 1967, har aka bayyana a 1980 cewa cutar ta ƙare a doron ƙasa. Da na faɗaɗa hoton a kwamfuta, na ga ƙaramar allurar nan mai baki biyu a hannunta, wadda ake tsomawa a maganin rigakafi, ɗigo ya maƙale tsakanin bakunan, a caccaki dantse da ita sau 15. Tun ina yarinya nake ganin tabon nan mai zagaye a dantsen Mama, ban taɓa tambayar wa ya yi mata shi ba. Mahaifiyarta ce da kanta. A ɗigo 300 da wuya in ga allurar.

Hotunan baƙi da fari sun fito tas, don dama su ne masu jure zamani. Masu launi na shekarun 1970 kuwa duk sun rine sun koma jajaye. Dalilin shi ne irin waɗannan hotuna rini uku ne a jere a jikin takarda, shuɗi-shuɗi da ja-ja da rawaya, kuma shuɗin yakan riga sauran dusashewa. Gyaran da suka yi wa waɗannan ya yi daidai: sun rage jan, fari ya koma fari, ba su ƙara komai daga kansu ba.

Kaset biyar cikin shida sun yi magana. Ɗaya ya tsinke a tsakiya, suka haɗe shi, aka rasa 'yan kalmomi kaɗan. Ɗaya daga ciki saƙo ne ta naɗa wa Kawu lokacin yana karatu, rabinsa faɗa ne a kan rashin aiko wasiƙa. Amma wanda ya sa Goggo ta tashi ta bar ɗakin shi ne wanda take koya wa wata ƙaramar ma'aikaciya ƙirga bugun jini: yatsu biyu a wuyan hannu, ban da babban yatsa don shi ma yana da nasa bugun, a ƙirga na sakan 30 a ninka biyu. Sai ta ƙara da muryar nan tata da ba ta ɗaukar wargi, "In kin ji bugun yana tsalle, ki cika minti guda, kada ki yi mini ƙiwuya." Haka take mana mu ma in zazzaɓi ya kama mu: hannu ɗaya a goshi, ido a kan agogo.

To, sai dai kash. Akwai wani zaɓi a fom ɗinsu mai suna ƙawata hoto, wanda ƙirƙirarriyar basira ke yi, kuma a kunne yake tun asali, sai ka lura ka kashe. Ni ban lura ba. Da samfurin littafin ya zo, na buɗe shafin farko na tsaya ina kallon wata kyakkyawar mace da ban sani ba. Hoton ranar da ta gama makarantar jinya ne. Injin ya goge mata layukan goshi, ya gyara mata hanci, ya toshe wushiryarta. Tabon ƙunar da ke bayan hannunta na dama, wanda ta samu wajen tafasa sirinjin gilashi a zamanin da ake dafa su a sake amfani da su, ya share shi sarai kamar datti ne. Ɗamarar rigarta kuwa ya shafa mata launin da ya ga dama, alhali a asibitoci da yawa launin ɗamara shi ke nuna matsayin ma'aikaciya. Goggo ta kalla ta ce, "Wannan launin ai sai bayan shekara goma ta ɗaura shi."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne agogon da ke ƙirjinta a hoton. Irin wannan agogo a juye ake rataye shi, don mai shi ta sunkuyar da kai ta karanta ba tare da ta saki hannun majinyaci ba, kuma wuyan hannunta ya zauna babu komai saboda yawan wankewa. Injin bai gane shi ba, sai ya mayar da shi wani ƙyalƙyalin ado mai kama da fure. Garin gyaran gira an tsone ido. Na nuna wa Mama shafin, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "'Yar nan, wannan ba uwata ba ce."

Matsala ta biyu ƙarama ce amma tana da ban haushi. Irin rubutun da suka zaɓa wa littafin bai san ɓ da ɗ da ƙ ba, duk inda suka zo sai ɗan akwati ya fito a madadinsu. Wanda zai rubuta bayanan hotunansa da Hausa ya nemi ganin shafi ɗaya na gwaji kafin a buga.

Tsakani da Allah, da na kai ƙorafi ba su yi gardama ba. Hotunan asali marasa ƙawa suna nan a ajiye a wurinsu, suka mayar da su, suka sauya irin rubutun, suka sake bugawa ba tare da neman ƙari ba. Sai dai hakan ya ja mana jinkirin mako uku a kan lokacin da suka yi alkawari, kuma sau biyu ni ce na bi su da kira. Na kuma gaya musu a rubuce cewa zaɓin ƙawar nan bai kamata ya zo a kunne ba. Sun ce za su duba.

Littafin da ya zo a ƙarshe shafi 80 ne, bangonsa mai tauri, ɗinkinsa irin wanda ke buɗewa ya kwanta shimfiɗe, don haka hoton da ya ratsa shafi biyu bai ɓace a tsakiya ba. Sauran hotunan kuwa na sa kowanne a dama, rubutun bayansa a hagu. Kayanmu sun dawo cif, na ƙirga. Fayilolin sun zo a filashi, amma ban yarda da shi kaɗai ba: na kwafa a kwamfuta, na ɗora a intanet, na aika wa Kawu nasa.

Tauraro huɗu na ba su cikin biyar, furen nan ne ya cinye na biyar ɗin. Akwatin ya koma ɗakin Goggo kamar yadda ta so tun farko. Agogon yana wurina, ya tsaya a kan huɗu saura minti goma, kuma har yanzu ina neman mai gyaran da zan iya bar masa shi ya kwana.