Kafin ka sayi buhun abincin kare, juya bayansa

A shagon kayan dabbobi za ka tarar da buhunan busasshen abincin kare a jere, kowanne da hoton cinyar kaza da wani kare mai sheƙi, amma wani ya ninka wani kuɗi. Rabu da hoton. Juya buhun ka nemi jerin kayan haɗi, domin a ƙa'ida ana jera su ne bisa nauyi, mafi nauyi a farko.

Sai dai akwai wayo a cikin wannan jeri. Ana auna kayan ne tun kafin a dafa, kuma ɗanyen naman kaza kusan kashi 70 cikin ɗari ruwa ne, alhali abincin da ke cikin buhun ruwansa bai wuce kashi 10 ba. Wanda ya taɓa ganin yadda tulin nama ke komawa ɗan kilishi ya san zancen. Saboda haka kazar da ta zo ta ɗaya tana iya komawa ta uku ko ta huɗu bayan ta sha wuta. Garin naman kaza kuwa, wanda ake rubutawa "chicken meal", an riga an busar da shi kafin awo, nauyinsa na gaskiya ne. Mutane kan raina shi don sunansa ba ya burgewa, ni kuwa na fi natsuwa idan na gan shi a sahun gaba. Wani wayon shi ne raba abu ɗaya gida uku: garin masara, dusar masara, furotin ɗin masara. Kowanne shi kaɗai bai kai nama nauyi ba, amma in ka haɗa su, masara ka saya.

Buhunan kasuwa kusan iri uku ne. Mai araha yakan fara da masara ko alkama, sannan a ce "nama da dangoginsa" ba tare da an faɗi ko na wace dabba ba ne. Kayan ciki ba aibu ba ne, hanta da ƙoda ma sun fi tsoka wasu sinadaran. Matsalar ita ce wanda ya ƙi faɗa maka sunan dabbar yana iya canza ta duk lokacin da farashi ya motsa, kuma idan karenka ya fara ƙaiƙayi ba za ka san abin da za ka guje wa ba.

Na tsakiya yana ambaton dabbar ƙarara, kaza ko rago ko kifi, ya haɗa da shinkafa ko masara, ya kuma faɗi ko kitsen mene ne. Ga karen gadi mai ƙoshin lafiya, wannan nake zaɓa.

Na uku shi ne mai tsada da ke alfahari da cewa babu hatsi a cikinsa. An cire hatsin, amma an cike gurbinsa da dangin wake da dankali. A watan Yulin 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fara bincike kan rahotannin wata cutar zuciya a karnukan da ke cin irin wannan abinci. Ba a tabbatar cewa abincin ne sanadi ba, amma kare yana narkar da dafaffen hatsi lafiya lau, don haka ban ga dalilin ƙarin kuɗin ba sai in likitan dabbobi ne ya ce a yi.

Game da alƙaluma, ma'aunin AAFCO, ƙungiyar jami'an kula da abincin dabbobi ta Amurka, ya ce babban kare na buƙatar aƙalla furotin kashi 18 da kitse kashi 5.5, kwikwiyo da mai shayarwa kuwa furotin kashi 22.5 da kitse 8.5, duk bayan an cire ruwa. Nemi layin da ke cewa abincin cikakke ne bisa ma'aunin AAFCO ko na FEDIAF, ƙungiyar masu yin abincin dabbobin gida ta Turai, da kuma shekarun karen da aka yi shi dominsa. Mai kwikwiyon Boerboel ko Rottweiler ya nemi na manyan jinsi, domin yawan sinadarin kalsiyam yana ɓata musu girman ƙashi. Kada kuma babbar lambar furotin ta ruɗe ka. Sinadarin naitirojin ake aunawa a lissafa ta, shi ya sa a 2007 aka samu masu zuba melamin, wani sinadarin yin roba mai yawan naitirojin, a furotin ɗin alkama daga Sin don lambar ta hau, karnuka da kyanwoyi da dama suka mutu da ciwon ƙoda a Amurka.

Abin da ya fi shafar mu a nan shi ne ajiya. Masara da gyaɗa idan suka yi hunhuna suna fitar da gubar afulatoksin mai lalata hanta, kuma ita ce ta sa aka janye abincin kare mai suna Sportmix a Amurka a ƙarshen 2020, bayan rahotannin mutuwar karnuka. Buhun da ya sha zafin sito ya kuma ratsa damina abin dubawa ne da kyau. Duba ranar ƙarewar wa'adi, ka shinshina ko kitsen ya fara wari, kuma kada ka sayi na awo daga buɗaɗɗen buhu komai sauƙinsa.

Wajen kuɗi, lissafa na yini, ba na buhu ba. Kilo 15 zai yi kwana 30 idan kare na cin giram 500, zai kai kwana 40 idan giram 375 ya ishe shi. Fara da ƙaramin buhu, ka riƙa cuɗa sabon da tsohon har mako guda, sannan ka sa ido kan kashinsa. Idan ya fito kaɗan kuma a dunƙule, cikinsa ya karɓa, sai ka koma ka ɗauko babban.