Wata shida da fish a matsayin shel na asali: abin da na gani a ajina

A ƙaramar cibiyar da nake koyar da kwamfuta a unguwar Mabera, cikin birnin Sakkwato, muna da tsofaffin kwamfutoci 12 masu aiki da Ubuntu, wani nau'in babbar manhajar Linux, kuma tun da aka kafa su bash ne ke karɓar duk umarnin da ɗalibi ya rubuta a baƙin allon nan da masu farawa ke shakka. Irin wannan manhaja mai karɓar umarni ita ake kira shel. Bayan ƙaramar Sallah na ɗora wani shel mai suna fish, wanda Axel Liljencrantz ya fitar a 2005, sannan na yi amfani da umarnin chsh na mayar da shi shel na asali a asusun kowane ɗalibi.

Alherinsa ya bayyana tun a makon farko. Idan ɗalibi ya rubuta umarnin da babu shi, haruffan sukan yi ja tun kafin ya aika, don haka yana ganin kuskurensa da idonsa ba sai ya ɗaga hannu ya kira ni ba. Yana kuma tuna abin da aka taɓa rubutawa, ya nuna ragowarsa da launin toka, da an danna kibiyar dama sai layin ya cika. Wata ɗaliba daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda a da ba ta rubuta ko harafi ɗaya sai ta buɗe littafinta, na tarar ta ajiye shi gefe, da na tambaye ta sai ta ce: "Malam, ai shi ke tuna mini." Duk wannan yana zuwa ne a shirye, ba kamar wani shel mai suna zsh ba, wanda sai an ƙara masa wasu kayan daga intanet kafin ya yi haka, kuma kowa ya san yadda data ke cin kuɗi.

Matsalar ta taso ne ranar da muka fara darasin Python, yaren rubuta manhaja, da azahar, ana tsananin zafi, janareta na cin mai. Na umarce su da su rubuta source venv/bin/activate kamar yadda yake a kusan kowane littafin koyo, sai ga saƙon kuskure a allo 12 a lokaci guda, domin fish yana buƙatar nasa fayil ɗin mai suna activate.fish. Tushen abin shi ne fish ba ya bin ƙa'idar POSIX, wadda ta tsara yadda ake rubuta umarnin shel, kuma bash ke girmama ta. Inda bash ke karɓar GARI=Sokoto, fish sai an rubuta masa set GARI Sokoto, kuma bai san do da done ba, kalmomin da bash ke buɗewa da rufe umarnin da ake maimaitawa da su, shi da end yake rufewa. Fayilolin umarni masu farawa da #!/bin/bash suna aiki lafiya lau, amma layukan da ɗalibai ke kwafowa daga intanet sukan ƙi, sai yaro ya ɗauka shi ne bai gane ba. Wannan ya fi komai damuna, domin gobe idan ya samu aikin kula da sabar wani kamfani, bash zai tarar a can.

A nan na fahimci hikimar manyan masu haɗa tsarin kwamfuta. Da Apple ya bar bash a macOS Catalina a 2019, zsh ya ɗauka, mai kusanci da bash a nahawu, haka ma Kali Linux a 2020. Ubuntu kuwa tun 2006 ya raba aikin biyu: wani ƙaramin shel mai suna dash na gudanar da fayilolin tsarin saboda saurinsa, bash na karɓar umarnin mutane.

Na kwaikwayi wannan rabon aiki. Na mayar da bash shel na asali a dukan asusun, na saita manhajar allon umarni ta riƙa buɗe fish ga 'yan watan farko kaɗai, daga wata na biyu kuma kowa ya koma bash kafin mu shiga Python.