Awon kyamara a Zariya: abin da muka tarar da na kai Baba

Kusan shekara biyu Baba ya yi ba ya cin tuwo sai da moɗar ruwa a gefensa. Loma ɗaya, kurɓi ɗaya. Mu a gida mun ɗauka tsufa ne, tunda ya haura 68, kuma mutum ne da ba ya son a sa masa ido idan yana cin abinci. Da farko tsire ya daina saya, ya ce haƙori. Daga baya ya bar burodi, ya bar dambu, ya koma kunu da fate. Rigunan da yake sawa tun yana aikin reluwe duk suka yi masa yawa a wuya, muna gani muna cewa ai jikin tsoho ne.

Washegarin Babbar Sallar da ta wuce abin ya fito fili. Ana suyar naman layya a gidanmu da ke Tudun Wada, aka kawo masa ɗan tsoka mai taushi. Ya tauna, ya haɗiye, sai na ga ya dafe tsakiyar ƙirjinsa ya yi tsit. Yana numfashi, yana magana, amma ko yawun bakinsa ya ƙi wucewa, sai tofarwa yake yi a kwano. Wannan ya buga masa baya, wancan ya ce a ba shi ayaba ta tura naman, aka ba shi ruwa ya dawo da shi nan take. Sai da aka kusa awa biyu kafin ya amayo tsokar. A daren nan ne ya faɗa mini gaskiya, cewa abin ya sha faruwa yana ɓoyewa.

Shawarwari kam mun sha su. Wata gwaggonmu ta ce beli ne, a kira wanzami ya cire. Wani ya ce a abinci aka ba shi. Ban ga laifin kowa ba, duk ƙauna ce ta sa suka yi magana. Amma beli a ƙarshen baki yake, shi kuwa Baba ƙasan ƙashin ƙirjinsa yake nunawa da yatsa. Likitan da muka fara gani ya sa aka yi masa hoton da ake shan wani farin ruwa mai kauri, bariyom, ana ɗauka yana sauka. Hoton ya nuna wuri guda a hanyar abinci ya tsuke can ƙasa kusa da tumbi. Ya ce sai an zura kyamara ta baki an leƙa wurin, ya kuma ce ana yi a asibitin koyarwa na Shika, ana yi a wasu asibitocin kuɗi a gari. Muka zaɓi wani na kuɗi saboda ya fi kusa da gida, Baba kuma ba ya jure zaman mota. Ba zan kama sunan wurin ba, tunda a cikin maganata akwai yabo akwai ƙorafi.

Bari in fara da abin da ya ɓata mini rai, don shi muka fara cin karo da shi. Ranar da na je karɓar lokaci, yarinyar da ke wurin kati ta ce mini kawai, "Ku zo Talata da safe, kada ya karya." Shi ke nan. A wurin Baba karyawa ita ce a zauna a ci ƙosai da koko, don haka bayan sallar asuba ya sha shayinsa da madara kamar kullum. Muna isa nas ta tambaya, ya faɗa mata, ta ce ba za a yi ba. Ashe sai ciki ya zama wayam, aƙalla awa 6 babu abinci babu madara, don kada abin da ke cikin tumbi ya taso ya faɗa huhu, kuma don likita ya ga hanya sosai. Dalilin mai kyau ne, amma da an rubuta mana shi a 'yar takarda da Hausa, da ba mu yi asarar kuɗin Keke da ranar aikina ba. Aka ɗaga mu zuwa Alhamis.

Na biyu, maganar kuɗi. Kuɗin awon kawai aka faɗa mini. Sai da muka zo aka ce akwai na allurar kwantar da jiki daban, na faɗaɗa wurin daban, na kai tsokar da za a gutsura ɗakin gwaji daban. Ni malamin firamare ne. In aka haɗa duka, sun kusa cinye albashina na wata biyu, sai da ƙannena suka kawo ɗauki. Ban ce sun yi tsada fiye da ƙima ba, na ga kayan aikin, na ji janareto yana ta aiki tun safe. Abin da nake so shi ne a faɗa wa mutum jimilla tun ranar farko ya san shirin da zai yi. Wurin jira kuma ƙarami ne, benci biyu da fanka ɗaya, mun zauna daga 8 har kusan 11.

Da muka shiga wurin likitan sai duk fushina ya sauka. Matashi ne, da ƙyar in ya girme ni. Ya tashi ya gaida Baba, ya jawo kujera kusa da shi, bai zauna bayan tebur ba. Duk bayanin da Hausa ya yi shi, ba irin Hausar da rabinta Turanci ce ba.

"Baba, wanne ya fara yi maka gardama, tuwo ko ruwa?"

"Nama ne ya fara, likita. Sai tuwo. Ruwa kam har yanzu yana wucewa."

"In ka haɗiya, kana ƙwarewa ko tari?"

"A'a. Tsayawa kawai yake yi a nan."

Ya juyo ya ce mini waɗannan tambayoyin su ne rabin aikin. In abu mai tauri ne ya fara tsayawa, sannan a hankali mai laushi ma ya bi, yawanci hanyar ce take tsukewa. In tun farko ruwa da tuwo duk suna gardama, ana zargin naman bututun da ke kai abinci daga baki zuwa tumbi ne ba ya matsa abinci yadda ya kamata, ko ƙofar da ke bakin tumbi ta ƙi sakin jiki. In kuwa mutum yana ƙwarewa, yana tari, ruwa na fitowa ta hanci, matsalar daga sama take, irin wadda ake gani bayan shanyewar ɓarin jiki. Ya zana mana bututun a bayan takardar kati: tsawonsa wajen santimita 25, yana bi ta bayan maƙogwaron numfashi da zuciya har ya faɗa tumbi. Ya ce yawanci sai faɗin hanyar ya ragu ƙasa da milimita 13 mutum yake fara jin loma na tsayawa. Wato kafin Baba ya fara ajiye moɗa a gefensa, abin ya daɗe yana ci a ciki.

Sai ya tambaye shi ƙwannafi. Baba ya yi murmushi ya ce wannan ai abokin zamansa ne tun yana reluwe, jar kanwa yake jiƙawa ya sha in ya taso da dare. Ya tambaye shi magungunan da yake sha, na fito da ledar na zazzage a tebur. Ya ware na hawan jini gefe, ya ɗaga na ciwon gwiwa da ake sayo masa a kemis, diclofenac, ya ce wannan a dakata da shi. Ya tambaya ko yana da ciwon suga, ko yana shan maganin tsinka jini, ko akwai haƙorin roba a bakinsa.

Abin da ya fi sa na yarda da shi, bai ɓoye mana abin da ake tsoro ba. Ya ce, "Malam, dattijo mai wannan shekaru, abinci yana tsaya masa, kuma yana ramewa, dole mu tabbatar ba ciwon daji ba ne. Ba na cewa shi ne. Amma ba zan ce ba shi ba ne sai na gani, na kuma gutsuri wurin an auna." Gabana ya faɗi, na kasa cewa komai. Baba ne ya ce, "Allah ya sa mu ji alheri, ɗana, yi aikinka."

Sun bar ni na tsaya har aka shirya shi. Na'urar baƙar tiyo ce mai lanƙwasa, kaurinta bai wuce ɗan ƙaramin yatsa ba, da fitila da kyamara a bakinta. Na tambayi nas yadda suke wanke ta tsakanin mutum da mutum, don wannan ya tsaya mini a rai tun a gida. Ba ta ji haushi ba, ta nuna mini ɗakin da ake goge ta a jiƙa ta cikin ruwan kashe ƙwayoyin cuta, ta ce jiran wannan wankin na cikin abin da ke sa layi ya yi nawa. Suka fesa masa wani magani mai ɗaci a maƙoshi don wurin ya mutu, suka kwantar da shi ta gefen hagu, suka sa masa wata 'yar roba mai rami a tsakanin haƙora, suka maƙala masa abin auna iskar da ke cikin jini a yatsa. Nas ɗin ta dafa kafaɗarsa tana cewa, "Baba, ta hanci za ka riƙa numfashi, yawu in ya zo ka bar shi ya zuba, ba komai." Aka yi masa allurar a hannu, aka ce in fita.

A waje na zauna kusa da wata mata da ta zo daga wajen Giwa da ɗanta, yaro bai fi shekara 4 ba, duk ya rame. Ta ce sodar haɗa sabulu ya sha, an narka ta an zuba a gorar ruwa, ya ɗauka ruwa ne. Ta ƙone masa hanyar abinci, da wurin ya warke sai ya tsuke, yanzu zuwansu na huɗu ke nan ana faɗaɗa masa. Tunda na dawo gida duk mai sana'ar sabulu da na sani sai da na ba ta labarin yaron nan.

Minti 20 ba su cika ba aka kira ni. Likita ya nuna mini hotuna huɗu masu kala. Sama bututun jajir ne mai santsi kamar cikin kumatu, can ƙasa sai ga wani farin zobe ya matse hanyar, ga jan miki a gefensa. Ya ce kamannin tabon ruwan tsamin ciki ne: shekara da shekaru yana tasowa yana ƙona wurin, yana warkewa yana sake ƙonewa, har tabo ya tattare hanyar. Ya gutsuri 'yan ƙanana don gwaji, sannan ya zura wani balan-balan ya hura shi a wurin ya ɗan buɗa. Ya ce ba a buɗewa gaba ɗaya rana guda don kada wurin ya yage, sai mun dawo.

Bayanin sallama ma da kansa ya yi. Kada Baba ya ci ko ya sha komai sai maƙoshinsa ya farfaɗo, wajen awa ɗaya, sannan a fara da ruwa da kunu. Kada ya hau babur ko ya fita shi kaɗai ranar, saboda allurar. In ya ji ciwon ƙirji mai tsanani, ko zazzaɓi, ko numfashi na yi masa wuya, ko ya yi aman jini, ko bayan gida baƙi, a dawo da shi ko tsakar dare ne. Ya rubuta omeprazole, maganin rage ruwan tsamin ciki, a sha minti 30 kafin karin safe. A ɗaga kan gadonsa da bulo, kada ya kwanta sai abincin dare ya yi awa 3, ya riƙa shan ƙwayar magani a zaune da ruwa mai yawa. Game da ranar Sallah kuwa ya ce mun yi ganganci: duk wanda abinci ya tsaya masa har yawu ya ƙi wucewa, asibiti ake nufa da shi a lokacin, ba a tura masa ayaba. Wanda kuma ya kasa magana da numfashi, wannan hanyar iska ce ta toshe, shi ne ake buga wa baya nan take.

Ƙorafina na ƙarshe sakamakon gwajin ne. Sun ce kwana 10, sai da ya yi mako uku, kuma babu wanda ya kira ni, ni na riƙa sintiri bayan an tashi makaranta. Wanda aka ambata wa ciwon daji, kowane dare na jira shekara ne a wurinsa da iyalinsa. Da ya fito, alhamdulillahi, babu daji, tabo ne kawai da kumburi.

In aka tambaye ni ko zan tura wani can, zan tura shi, amma zan ce ya tambayi jimillar kuɗi, ya tambayi awa nawa za a bar ci da sha, ya zo da duk magungunan da mara lafiya ke sha, ya kuma karɓi lambar wanda zai riƙa tuntuɓa kan sakamako. Mata masu son mace ta tsaya tare da su, akwai nas mace a ɗakin koyaushe, na gani da idona.

An sake faɗaɗa wa Baba bayan mako uku, likita ya ce wataƙila a ƙara sau ɗaya nan gaba, don irin wannan tabon yakan so komawa. Daren Juma'ar da ta wuce Inna ta yi tuwon shinkafa da miyar kuɓewa, ya cinye malmala ɗaya da rabi, a hankali, yana yanka ƙananan lomomi kamar yadda aka ce masa. Moɗar tana nan a gefensa, sai da ya wanke hannu ya ɗauke ta. Nama dai har yanzu daka masa ake yi a turmi.