Ƙarfen jan tirela: na kamfani mai noti, ko na mai walda?

Alhaji, tambayarka ta zo daidai lokacin da mutane ke shirin noman rani. Ka ce ka sayi sabuwar akori-kura da garantinta, kana son ka riƙa jan ƙaramar tirela da taki da tankin ruwa tsakanin Jega da gonarka ta wajen Aliero. Dila ya ba ka farashin ƙarfen ja na kamfani ka ga ya yi tsada, mai walda kuma ya ce zai haɗa maka shi yini ɗaya da araha. Wanne ya fi, kuma garanti zai mutu?

Bambancinsu na farko shi ne inda nauyi yake sauka. Na kamfani an auna shi ne da shasin motar: akwai ramukan noti da aka tanada tun wurin ƙira a jikin dogayen ƙarafa biyun shasi, can baya, a nan ake ɗaure shi, don haka fizgar tirela tana rabuwa gida biyu. Ba a huda komai, ba a kai wuta kusa. Yana zuwa da ɗan farantin ƙarfe da aka rubuta iyakar nauyin da zai ja da wanda zai danne kan ƙwallonsa, wato dunƙulen ƙarfen da bakin tirela ke hawa. Notocinsa ma ba na kasuwa ba ne. Duba kansu za ka ga lambar ƙarfinsu, 8.8 ko 10.9. In ɗaya ya ɓata aka maye shi da marar lamba, to shi ne zai fara miƙewa ya tsinke. Matsalarsa da aka fi gani ita ce kwancewa. A kan hanyar ƙasa mai gargada noti yakan saki, ƙarfen ya fara wasa, a hankali ramin ya zama kamar ƙwai. Shi ya sa ake sake ɗaure su bayan kilomita 1,000 na farko, a kuma riƙa leƙawa duk lokacin sabis.

Na mai walda fa? Ba a raina gwanintar masu walda ba, akwai waɗanda ɗinkinsu ya fi ƙarfen kansa ƙarfi. Amma ba ɗinkin ne ke karyewa ba. Shasin motocin yanzu ƙarfe ne marar kauri da aka ba shi ƙarfi wurin sarrafawa, zafin walda kuma yana canza halin ƙarfen da ke gefen ɗinkin. Nan tsagewa take farawa, siririya tamkar gashi, daga ƙarshen waldar ta bi shasi. Alamarta ta farko wani jan layin tsatsa ne da ke fitowa ta cikin ƙura. Wanda bai sunkuya da tocila ba ba zai gani ba. Mafi muni shi ne wanda aka manna a bamba ko a kan ƙarfen da ke riƙe safayar taya, wuraren da ba a yi su don ja ba. Ga kuma wanda zai kama walda bai cire kan batir ba, wuta ta bi ta taɓa ƙwaƙwalwar motar. Sannan babu wanda ya gwada shi, babu lambar nauyi. "Zai ja tan biyu" magana ce ta baki kawai.

Ko wanne ka zaɓa, ka lura da ƙwallon. Na tsarin Turai milimita 50 ne, na Amurka inci 2, wato milimita 50.8, akwai kuma ƙarami mai inci 1 da 7/8, kusan milimita 47.6. A ido duk ɗaya suke. Bakin tirela na 50 ba ya rufuwa da kyau a kan inci 2, a kan ƙaramin kuwa rami ɗaya ya isa ya sa ya yi tsalle ya fita. Lambar tana rubuce a saman ƙwallon da jikin bakin, a karanta. Tirelar da aka ƙera a gida mai zobe ko mai fil irin na tarakta ba ƙwallo take so ba, ƙugiya take so. Ita ta fi jure ramuka, sai dai tana da bugu duk tashi da tsayawa. Sarƙoƙin kariya biyu a gicciya su ƙarƙashin wuyan tirela, don in ta zare su tare ta kada ta caki ƙasa.

Nauyi kuwa, nan ne duka biyun suke faɗuwa. Yawancin motocin irin taka, tirelar da ba ta da burkin kanta iyakarta kilo 750, har da nauyin ita tirelar. Wancan babban adadi da ake tallatawa, wanda a wasu samfurin Hilux ya kai kilo 3,500, na tirela mai burki ne. Tankin lita 1,000 cike da ruwa tan ɗaya ne. Buhun taki 20 masu kilo 50 ma tan ɗaya ne. Kenan ka wuce iyaka tun ba ka fita gari ba. Wajen lodi, kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyin ya danne ƙwallo, muddin bai zarce abin da ke kan farantin ba. In kaya suka koma bayan taya, tirela za ta fara lilo da zarar ka ɗan taka.

Sai garanti. Ba ƙarfen ne kawai ake gardama a kansa ba, dalilin lalacewa ake nema. Idan rediyo ko gilashin ƙofa ya daina aiki, babu hujjar ɗora wa ƙarfen ja. Amma shasi, sifirin baya, kuloci, giyabos, burki da wayarin fitilu, duk ana iya cewa ja ne ya kashe su. Da na kamfani wanda dila ya ɗaura ya rubuta a takardar aiki, abin da ya rage musu shi ne su nuna ka yi lodi fiye da ƙa'ida. Da na walda, hoto ɗaya na ƙonannen fenti a jikin shasi ya ishe su su ce an sauya ƙirar mota, kuma takardun garanti galibi sun cire irin wannan ƙarara. Haka ma yanke wayar danja a jona ta tirela kai tsaye, maimakon sa wayarin da aka tanada mai fis ɗinsa.

Za ka ji masu kawo dokar Magnuson-Moss ta 1975, wadda ta hana kamfani soke garanti don kawai an sa kayan wani. Gaskiya ce, amma dokar Amurka ce, ba ta aiki a Birnin Kebbi. Tamu ita ce dokar kare masu sayen kaya ta 2018, hukumar tarayya mai kare masu sayen kaya, wato FCCPC, ce ke karɓar koke a kanta, ita ma takarda za ta fara tambayarka.

Don haka, Alhaji, tunda motarka na cikin garanti, ka ɗauki na kamfani, dila ya ɗaura, a rubuta lambar shasi da kilomita a rasit, ka ɗauki hoton farantin da notocin ranar da aka sa. In an ƙi gyara wata rana, kada ka yarda da "ba ya ciki" na baki. Ka nemi a rubuta maka abin da ya lalace da dalilin ƙin, ka kuma hana kowa taɓa wurin kafin wani bakanike na daban ya duba. Mai tsohuwar Kwatano da ba ta da garanti zai iya zuwa wurin mai walda, amma ya sa a ƙera ƙarfen a ƙasa da faranti masu kauri, sannan a ɗaura shi da noti a ramukan shasi na asali, wuta kada ta taɓa motar.