Tsarin Delft na koyon Holanci: amfaninsa da iyakarsa ga ɗaliban injiniyanci na Biyetnam

Ɗalibin Biyetnam da ya ƙudurta karanta injiniyanci a ƙasar Holan yakan ɗauka cewa Turanci zai wadatar da shi, kuma a matakin digiri na biyu gaskiyarsa ce. A digirin farko ne lamarin ya sha bamban. Jami'ar Fasaha ta Delft, wadda aka kafa a 1842, tana koyar da injiniyancin jiragen sama da Turanci, amma fannin gine-gine da madatsun ruwa, da na injina, da na ƙera jiragen ruwa, duk da Holanci ake karantar da su. Abin takaicin shi ne waɗannan fannoni su ne Biyetnam ta fi buƙata, domin yankin bakin kogin Mekong na fama da kutsen ruwan gishiri da nitsewar ƙasa, kuma tun 2010 ƙasashen biyu ke da yarjejeniyar haɗin gwiwa kan sarrafa ruwa da sauyin yanayi. Jami'o'in Holan kan nemi ƙwarewar Holanci ta matakin B2, wato mataki na huɗu cikin shida a ma'aunin ƙwarewar harshe na Turai, wanda ake tabbatarwa da jarrabawar gwamnati ta Holanci a matsayin harshe na biyu (NT2) kashi na biyu, ko takardar CNaVT, shaidar iya Holanci a matsayin baƙon harshe.

Cikin hanyoyin da ake bi domin kaiwa wannan mataki, wadda na fi mayar da hankali a kanta ita ce Delftse methode, tsarin da malaman jami'ar Delft suka ƙirƙiro a shekarun 1980 musamman saboda baƙin ɗalibai masu gaggawar shiga aji. Tsarin bai fara da dokokin nahawu ba. Kowane darasi gajeren rubutu ne a kan rayuwar Holan, an gina shi da kalmomin da aka fi amfani da su, kuma ana ba da ma'anar kowace sabuwar kalma. Ɗalibi zai saurari rubutun jimla bayan jimla, ya maimaita, ya sake saurara ba tare da duba takarda ba, sannan a gwada shi da wannan rubutun bayan an cire wasu kalmomi, shi kuma ya cike guraben. Wanda ya yi karatun allo zai gane salon nan take, domin biyawa ce da tilawa har sai abin ya zauna a ka. Bayan haka ne ake zuwa ajin hira, inda malami ke tattaunawa da ɗalibai a kan abin da suka riga suka haddace.

A ganina ƙarfin tsarin yana wajen karatu da sauraro, kuma ba ƙaramin ƙarfi ba ne. Ɗalibin injiniyanci ya saba da aikin da ake aunawa kullum, saboda haka gwajin cike gurbi ya dace da ɗabi'arsa, yana nuna masa inda ya gaza tun kafin kuskure ya yi jijiya. Ɗan Biyetnam yana da wata sa'a kuma: harshensa da haruffan boko ake rubuta shi, kuma sautin maƙogwaro na Holanci da ke wahalar da baƙi da yawa yana da makamancinsa a sautukan da yake rubutawa da kh da g.

Inda nake da damuwa sosai shi ne magana. Harshen Biyetnam ba ya jera baƙaƙe biyu ko uku a wuri guda, kuma baƙaƙen da ke iya rufe gaɓa a cikinsa kaɗan ne. Holanci kuwa cike yake da kalmomi irin su herfst da kracht, ta biyun ma kalma ce da ɗalibin injiniyanci zai furta kullum, tun da ma'anarta ita ce ƙarfin da ke aiki a kan abu. Mai koyo shi kaɗai a Hanoi zai iya cike kowane gurbi daidai alhali yana haɗiye ƙarshen kalmomi, ba tare da kowa ya ankarar da shi ba. Haka nahawu: aikatau ba ya sauya siffa a harshensa, babu rabon sunaye tsakanin de da het (ƙananan kalmomi biyu da Holanci ke sawa gaban suna, kowane suna da tasa), kuma babu aikatau mai rabewa gida biyu, rabi a tsakiyar jimla rabi a ƙarshenta. Bajamushe zai tsinci waɗannan dokoki daga maimaici kawai, saboda harshensa ɗan'uwan Holanci ne. Ɗan Biyetnam yana buƙatar a zaunar da shi a yi masa bayani dalla-dalla, tsarin kuma ya taƙaita wannan bayani da gangan. Tun da jarrabawar NT2 tana gwada karatu da sauraro da rubutu da magana daban-daban, kuma sai an ci dukkansu ake samun cikakkiyar takarda, rauni a magana kaɗai ya isa ya hana ɗalibi gurbinsa.

Sai batun kalmomin sana'a. Rubuce-rubucen sun shafi gida da kasuwa da yanayi da siyasa, wanda ya dace da jarrabawa, amma ba za su koya wa mutum yadda ake bayanin nauyin da ginshiƙi ke ɗauka ba. Wajibi ne ɗalibi ya haɗa da littafin lissafi da na kimiyyar fiziks na sakandaren Holan.

Ya kamata a lura da lokaci ma. A cikin Holan kawai ake zana NT2, ita kuwa CNaVT, wadda ake iya zanawa a ƙasashen waje, galibi a watan Mayu ake yin ta, alhali karatu yana farawa a Satumba. Ina ba da shawarar wannan tsari ga ɗalibin Biyetnam da zuciya ɗaya, da sharaɗin ya samu malamin da zai riƙa gyara masa furuci da ginin jimla tun daga darasin farko, kuma ya ware shekara guda cur kafin ranar jarrabawa.